Yadda ake kama sana'ar gina manhaja a Kano, daga koyo zuwa aikin farko

Duk shekara idan ɗalibai suka fito neman wurin horon sanin makamar aiki, ko masu bautar ƙasa suka kusa karɓar takardar sallama, tambaya guda nake sha daga bakin ƙannenmu da suka karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Bayero ko jami'ar Wudil ko kwalejin fasaha ta jiha: "Yaya, wane yaren kwamfuta zan koya in samu aiki?" Tambaya ce mai kyau, sai dai akwai wadda ta riga ta. A tsawon shekarun da na yi ina rubuta manhaja a garin nan, wanda na ga ana nema da aiki shi ne wanda ya taɓa gama wani abu, ya miƙa shi ga mai shi, abin ya yi amfani, kuma ranar da ya lalace aka buga masa waya ya ɗaga. Haka ake auna tela da magini da bakanike, kuma injiniyan manhaja bai fita daga wannan ma'auni ba don kawai kayan aikinsa kwamfuta ne. Abin da zan bayyana a nan shi ne hanyar da zan bi da a ce yau nake farawa. Ko da yake da "kai" zan riƙa magana, 'yan'uwana mata da ke cikin wannan fanni suna cikin waɗanda nake nufi tun daga farko har ƙarshe.

Mataki na farko shi ne ka zaɓi yare guda ka zauna a kansa, domin taura biyu ba ta taunuwa. Idan shafukan intanet kake son ginawa, ka kama JavaScript bayan ka san HTML da CSS, waɗanda ake tsara fuskar shafi da su. Idan hankalinka ya fi karkata ga sarrafa bayanai da aikin bayan fage, ka kama Python. Mai son manhajar waya zai iya farawa da Dart da Flutter. Kowanne daga cikinsu yana ciyar da mutum, kuma abin da ke ƙarƙashinsu duka ɗaya ne: yadda ake ajiye bayani, yadda ake yanke hukunci bisa sharaɗi, yadda ake maimaita aiki, da yadda ake raba babbar matsala gida-gida. Wanda ya ƙware a yare ɗaya, koyon na biyu ba ya yi masa wuya, amma wanda yake tsalle daga wannan zuwa wancan duk wata saboda wani bidiyo da ya gani, sai shekara ta zagayo bai iya rubuta komai ba sai yana kallon na wani. Darussan kyauta suna nan da yawa, irin su kwas ɗin CS50 na Jami'ar Harvard, da freeCodeCamp, da shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023. Sharaɗin dai shi ne ka riƙa buga kod ɗin, wato rubutun umarnin da ake ba kwamfuta, da yatsunka, sannan ka canza wani layi da gangan ka ga abin da zai faru. Awa biyu kullum bayan sallar asuba, lokacin da gida yake shiru kuma batir yake cike, sun fi awa goma sha biyu ranar Asabar kaɗai.

Kada ka jira sai ka mallaki kwamfuta sabuwa dal. Laftof ta hannu mai ram giga 8 da ma'ajiya irin ta SSD ta ishe ka farawa. Idan ka je saye a Beirut Road ko Farm Centre, abin da za ka fi dubawa shi ne batir: ka sa a cire caja a gabanka, ka zauna da ita minti talatin tana aiki, ka ga kashi nawa ta sauka.

Mataki na biyu yana zuwa ne da zarar abin da kake rubutawa ya wuce layi ɗari. Ka koyi Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 don kula da aikin Linux, wata babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta, kuma yau da wuya ka shiga kamfanin manhaja da ba a amfani da shi. Amfaninsa shi ne yana riƙe maka tarihin kowane canji, ta yadda idan gyaran yau ya ɓata abin da yake aiki jiya, za ka koma baya cikin minti guda. Ka saba da adana canji ƙarami-ƙarami tare da gajeren bayani na abin da ka yi da dalilinsa, ka kuma riƙa turawa GitHub, shafin da ake ajiye kod a intanet, kafin ka rufe kwamfuta. Sai ka koyi SQL, yaren tambayar rumbun bayanai, domin kusan duk manhajar da za a biya ka kuɗi a kanta, bayanai take karɓa tana ajiyewa tana fito da su. Abu na uku, wanda ba a cika koyar da shi a aji ba, shi ne karanta saƙon kuskure. Da yawa daga cikin masu koyo idan jan rubutu ya cika fuskar kwamfuta sai gabansu ya faɗi su rufe, alhali saƙon yana ɗauke da sunan fayil da lambar layin da abin ya tsaya. Ka karanta shi a tsanake har ƙarshe kafin ka tambayi kowa. A nan ne ma za ka gane cewa karanta Turanci wani ɓangare ne na sana'ar, tun da takardun bayanin kayan aikin nan da shi aka rubuta su, don haka ka ware masa lokaci kamar yadda ka ware wa kod.

Mataki na uku shi ne wanda na fi son in daɗe a kansa, domin a nan Kano ta ba mu abin da wasu garuruwan ba su da shi. Ka rufe kwamfuta ka shiga kasuwa. Kantin Kwari da Singa da Dawanau da Ƙofar Wambai da Sabon Gari cike suke da mutanen da ke juya dukiya mai yawa da littafi da biro, ga makarantun Islamiyya da ƙananan asibitoci da shagunan magani a kowace unguwa. Ka nemi wani wanda ya yarda da kai, kawunka ko maƙwabcinku ko abokin babanka, ka roƙe shi ya bar ka ka zauna a wurin sana'arsa kwana uku kana kallo, ba tare da ka yi masa alƙawarin komai ba.

Ni na yi irin wannan zama a wani shagon atamfa a Kwari. Maigidan ya ce mini manhajar lissafin kaya yake so, kuma da na tafi gida a ranar na fara rubutu, da abin da na gina ke nan. Amma ina zaune a kan benci na ga yaron shago ya buɗe littafi ya rubuta sunan wata hajiya da garin da ta fito, da adadin turmin da ta ɗauka, sannan ya ƙara "ta ba da rabi". Can bayan azahar wani ya zo ya ce ya tura kuɗi, aka tsaya cirko-cirko domin saƙon banki yana shiga ne a wayar maigida, shi kuwa bai dawo daga masallaci ba. Na ga ana sayar da kaya iri ɗaya farashi uku a yini guda, gwargwadon wanda ya zo da tsawon hulɗarsa da shagon. A rana ta uku na ce masa, "Alhaji, me ya fi damun ka idan wata ya ƙare?" Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Injiniya, kayana na san inda suke. Kuɗina da ke hannun mutane ne ban san adadinsu ba." Abin da na gina masa daga ƙarshe littafin bashi ne mai fuska uku kacal: a rubuta wanda ya ɗauki kaya, a rubuta abin da ya biya, a ga abin da ya rage a kan kowa. Gani ya kori ji, kuma mai sana'a ba ya iya faɗa maka matsalarsa da yaren kwamfuta, aikinka ne ka fahimce ta da idonka.

Idan ka zo ginawa, akwai wasu ƙananan abubuwa da ke bambanta aikin wanda ya san ƙasar nan da na wanda ya kwafo darasi daga waje. Kada ka adana kuɗi a matsayin lamba mai ɗigo, domin kwamfuta ba ta riƙe irin waɗannan lambobi daidai. Ka gwada haɗa 0.1 da 0.2 a JavaScript ko Python, za ka ga ta ba ka 0.30000000000000004. Ka adana komai da kwabo a matsayin cikakkiyar lamba, sai lokacin nunawa ka mayar naira, kamar yadda Paystack, kamfanin karɓar biyan kuɗi ta intanet, ma yake karɓar adadi da kwabo. Lambar waya ka adana ta a matsayin rubutu, in ba haka ba sifilin farko zai ɓace, kuma ka daidaita ta zuwa tsari guda, domin wani zai rubuta ta da 080 wani da +234 alhali mutum ɗaya ne. Ka tabbata rumbunka yana kan tsarin adana haruffa na UTF-8 don haruffan ƙ da ɗ da ɓ su zauna lafiya, sannan ka sa wurin bincike ya fito da Ɗanjuma ko da an buga Danjuma, tun da yawancin mutane ba sa sa lanƙwasa a waya. Ma'aunin kaya kuma ka bar shi yadda masu sana'ar ke faɗa: turmi da dila a Kwari, buhu da tiya a Dawanau, katan da dozin a Singa.

Sai batun sabis. A cikin cunkoson kasuwa intanet yana zuwa yana tafiya, kuma manhajar da ke tsayawa cak idan babu sabis, sati ɗaya za a yi a koma wa littafi. Ka sa ta fara adana bayani a cikin wayar da ƙaramin rumbun bayanai irin SQLite ko makamancinsa, idan sabis ya dawo ta tura. Ka gwada ta a kan wayar Android mai arha irin wadda yaron shago yake riƙewa, a cikin hasken rana, da yatsan da yake sauri. Kuma a duk abin da ya shafi kuɗi, kada ka ba kowa damar goge rubutu gaba ɗaya. Idan an yi kuskure, a rubuta gyara a ƙasansa tare da sunan wanda ya yi da lokaci, domin ranar da rigima ta tashi tsakanin maigida da yaronsa, wannan tarihin ne zai raba gardama, kuma shi ne zai wanke ka kai ma.

Aikin farko kana iya yin sa kyauta ko da ɗan abin hawa mota, amma daga na biyu sai ka shiga mataki na huɗu, wato rubuta yarjejeniya. Da yawanmu muna jin nauyin kawo takarda gaban dattijo, muna ganin kamar rashin yarda ne, alhali aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni take yi da a rubuta bashi. Shafi ɗaya ya isa, da Hausa ma idan ita mai aikin ya fi ganewa. Ka lissafa abin da manhajar za ta yi ɗaya bayan ɗaya, ka kuma ambaci abin da ba ya cikin wannan kuɗin. Ka raba biya kashi uku: kafin alƙalami, da kashi na tsakiya ranar da ka nuna abin yana aiki, da ciko ranar miƙawa. Ka fayyace tsawon lokacin da za ka yi gyara kyauta, da kuɗin kulawa na wata ko na shekara bayan nan, da wanda zai riƙa biyan kuɗin saba, wato kwamfutar da ake ɗora manhajar a kanta a intanet, da na sunan shafi. Idan ana cikin aiki aka ce maka, "Ɗan ƙara mana kaza, ai ba wani abu ba ne," ka amsa da ladabi cewa za a iya, ga kwanakin da zai ƙara ga kuma kuɗinsa. Rashin faɗin wannan jimla ya sa aikin wata biyu ya zame wa mutane da yawa na shekara guda, aka kuma rabu ba daɗi.

Mataki na biyar na koye shi ne ta hanya mai ciwo. Na taɓa sa wa wata makaranta manhajar sakamakon jarrabawa a kan kwamfuta guda da ke ofishinsu, ban tanadi kwafin bayanan a ko'ina ba, ina cewa zan yi idan na samu sarari. Ana saura kwana huɗu a raba sakamako ma'ajiyar kwamfutar ta mutu. Malamai suka kwana biyu suna sake shigar da maki daga takardu, kuma har yau ina tuna fuskar wata malama da ta zo da jaririnta a goye ta zauna tana karanto mini lambobi har bayan isha'i. Laifina ne ni kaɗai. Tun daga ranar ba na miƙa aiki sai bayanan suna da kwafi uku, aƙalla ɗaya a wani wuri dabam da ginin, kuma kwafin yana yin kansa kullum ba tare da jiran wani ya tuna ba. Sannan duk wata ka gwada dawo da bayanan daga kwafin ka gani da idonka, domin kwafin da ba a taɓa gwadawa ba, ba a san ko yana aiki ba. Bayanan nan amana ce: basussukan mutane, da makin 'ya'yansu, da cututtukan da suka kai asibiti. Kada ka adana kalmar sirri yadda aka buga ta, kada ka tura rumbun abokin hulɗa ta WhatsApp, kada ka ba da labarin abin da ka gani a majalisa. Tun watan Yunin 2023 ma akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, don haka ka karanta abin da ta ɗora wa masu riƙe bayanan mutane.

Da aiki biyu ko uku irin waɗannan a hannunka, neman aiki a kamfani ya zo da sauƙi. Takardar bayaninka kada ta wuce shafi ɗaya, kuma a samanta ka sa abin da ka gina, da wanda yake amfani da shi, da matsalar da ya warware. Ka gyara shafinka na GitHub, kowane aiki da bayanin yadda ake kunna shi, amma ka cire bayanan mutane da makullan sirri kafin ka buɗe shi ga jama'a. Ka riƙa halartar tarukan masu fasaha da ake yi a gari da jami'o'i, domin guraben aiki da yawa a bakin mutane suke yawo kafin a tallata su. A wurin ganawa, idan an ba ka matsala ka riƙa faɗin tunaninka a fili, idan kuma ba ka san abu ba ka ce ba ka sani ba, sannan ka faɗi yadda za ka nemo shi.

Shiga cikin ƙungiya wani karatu ne sabo. Za ka tarar da kod ɗin da wasu suka rubuta shekaru kafin zuwanka, kuma zuciyarka za ta raya maka ka rushe ka sake. Ka haƙura ka karanta tukuna, domin layin da kake gani kamar shirme sau da yawa wata matsala ce aka toshe da shi wadda ba ka riske ta ba. Idan ka maƙale, ka ba kanka kamar awa ɗaya kana ƙoƙari, daga nan ka tambaya, matambayi ba ya ɓata. Sai dai ka zo da tambayar a shirye: ga abin da nake so in yi, ga abin da na gwada, ga saƙon da ya fito. Idan babba ya duba aikinka ya cika shi da gyare-gyare, aikin ake gyarawa, kuma wannan shi ne karatu mafi tsada da za ka samu kyauta. Abin da ya fi wahalar da mu, saboda tarbiyyar kunya da muka taso da ita, shi ne faɗin cewa aiki ba zai kammala a ranar da aka sa ba. Ka faɗa ranar Talata da ka fara hango haka, kada ka bari sai Juma'a da yamma. Shugaban aiki zai iya sake tsari idan ya ji da wuri, amma ba abin da zai iya yi da labarin da ya zo masa a ƙurarren lokaci. Wajen ƙiyasta kwanaki kuma ka sa lissafin gwaji da gyara da ɗaukewar wuta, ba lokacin rubutu kaɗai ba.

Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, ƙirƙirarriyar basira ta shiga aikinmu, kuma ni ma ina amfani da ita kullum. Ƙa'idata guda ce: ba na sa layin da ba zan iya bayyana shi ga wani ba. Tana da amfani wajen fassara maka saƙon kuskure da nuna maka misali, amma takan kawo amsa marar tushe cikin cikakken ƙarfin gwiwa, kuma mai koyon da ya miƙa mata tunaninsa tun farko ba zai gane lokacin da ta kauce ba. Kada kuma ka liƙa mata bayanan abokin hulɗa ko makullan kamfani.

Masu hangen aiki daga gida da kamfanonin waje su fara gyara wuta da intanet kafin su nema. Ko ƙaramar sola da inbata da za su riƙe laftof da na'urar intanet sun wadatar, tare da layi biyu na kamfanoni daban-daban. Ka san bambancin lokaci: Jamus daidai take da mu ko gaba da awa ɗaya, Ingila daidai ko baya da awa ɗaya, gabashin Amurka kuwa yana bayanmu da awa biyar zuwa shida, wanda ke nufin taronsu na rana zai faɗo maka tsakanin magariba da isha'i. Ka faɗi lokutan sallarka da na Juma'a tun ranar farko, ka sa su a kalandar aiki. A irin wannan aiki ba wanda yake ganin zamanka, rubutunka ake gani, don haka ka saba da rubuta gajeren rahoto a ƙarshen yini: abin da ka gama, abin da ya tsaya, da abin da kake jira daga wani.

Mataki na ƙarshe shi ne yadda ake barin aiki, domin Kano duk girmanta masu wannan sana'a sun san juna. Sunan shafi da asusun saba ka yi musu rajista da sunan mai aikin da imel ɗinsa tun farko, kada ka riƙe su a matsayin jingina. Kafin ka tafi, ka rubuta takardar miƙa aiki wadda ta ƙunshi inda kod yake, da yadda ake ɗora sabon gyara, da inda kwafin bayanai ke zuwa, da ranakun da kuɗin saba da na sunan shafi ke ƙarewa, da matsalolin da ka sani ba ka samu gyarawa ba. Ka zauna da wanda zai gaje ka ya kunna komai da hannunsa kana kallo, sannan ka sa mai aikin ya canza duk kalmomin sirri a gabanka, har da wanda kake shiga da shi.